Shekarar da Sarkin Noma Ya Auna Mani Hannu

Ran Talatar da ta wuce na yi wani abu a bakin gonata wanda har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Lokacin huɗa ne. Dawa ta kai gwiwa, ruwa ya zauna, ƙasa ta yi laushi tana wannan ƙamshin nata, kullum da la'asar hadari na haɗowa ta gabas. Bana shanun huɗa sun yi wuya a wajenmu, duk mai su an yi masa layi, ni kuwa marka ba za ta jira ni ba. Sai na sa aka nemo mani samari 'yan ƙwadago su yi mani da garmar hannu kamar yadda ake yi a da. Suka zo su shida. Biyar dai na ga mutane. Na shidan wani ɗan siririn yaro ne, riga ta yi masa yawa, garmar da ya saɓo ta karkatar masa da kafaɗa ɗaya. Ban yi shawara da zuciyata ba, kawai na ga hannuna ya miƙa ya kama wuyan hannun yaron nan, babban yatsa ta nan, na tsakiya ta can.

To, sai na faɗa maku inda hannuna ya koyi wannan mummunar ɗabi'a, in ba haka ba ba za ku gane haushina ba.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Muna wani ƙauye a bayan Tsiga, ina da shekara goma sha biyar. Sunana Isiyaku, amma in ka shiga garin ka ce Isiyaku sai a tambaye ka wanne. Ka ce Tsinke, ko yaron goye ya nuna maka gidanmu. Mutanen gari sun riga sun yanke hukunci cewa ƙaramin ƙashi ne da mu, gado ne. Gado! Ba wanda ya taɓa leƙa tukunyarmu ya ga abin da aka gadar mana.

Kakar da ta gabata ba ta yi mana kyau ba, bazara kuma ta zo ta yi tsawo. Rana tun hantsi take cizo, in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawa ba kiɗa. Rijiyar gari ta koma laka, sai ruwan tafki muke sha, a tace da gefen ɗankwali a ce bisimilla. Kafin ruwan fari ya sauka, Inna ta riga ta fara zura ƙanwata Hajara ta bakin rumbu da tsintsiya, ta sharo abin da ya maƙale a ƙasa. Da safe kunun dusa da tsamiya. Da rana kwaɗon tafasa, in an samu ƙuli-ƙuli a marmasa, in ba a samu ba gishiri ma ya isa. Tuwo kuwa sai a yi yau a tsallake gobe. In na sunkuya na ɗago sai in ga duhu-duhu, in dafa bango har ya washe.

Ana cikin haka kurkunu ya kwantar da Baba. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, tsutsar nan mai kama da zare da ke fitowa ta fatar mutum, Allah ya sa kada su san shi. Ya fito masa a ƙafa biyu, ɗaya a idon sau, ɗaya a ƙasan gwiwa. Kullum da safe ya zauna a zaure yana naɗe shi a ɗan kara, kaɗan-kaɗan don kada ya tsinke, gumi na zuba masa. Mutumin da ya saba yini a gona ya koma ko bayan gida sai na tallafe shi.

Da ruwan shuka ya sauka ni na ɗauki sungumi, Hajara da ƙaramarmu suna bina da iri suna takewa. Noman firi ma ni na yi da hauya, kwana goma sha ɗaya, ba wanda ya ce na yi ƙanƙanta. Sai huɗa ta zo. Gonarmu tana gangare kusa da fadama, ƙasarta laka ce mai nauyi. In ba a ɗaga kunya aka tara wa dawa ƙasa a gindi kafin marka ba, ruwa ya kwanta a ciki, iska ta zo ta kwantar da abin da ya rage. Kowa a garin ya san haka. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne.

A garinmu akwai gayyar samari. Duk saurayin da ya isa riƙe garma yana cikinta, kuma zagayawa ake yi, yau gonar gidan wannan, gobe ta gidan wancan, har a gama da kowa. Gidan da ba shi da mai garma a cikin gayya, ba a zuwa gonarsa. Ka'ida ke nan tun kakanni. Mai shigar da mutum kuwa shi ne Sarkin Noma Tanko, wani dogon tsoho baƙi mai 'yar furfura a haɓa. Ba ya tambayar shekarunka, ba ya tambayar ubanka. Ran Juma'a bayan an sauko, a gindin tsamiya, zai ce miƙo hannu. Ya zagaye wuyan hannunka da babban yatsansa da na tsakiya. In suka kasa haɗuwa, ƙashinka ya nuna, ka shiga. In suka haɗu, kai yaro ne, sai baɗi.

Kai jama'a, in za a ba mutum wannan aiki, a rasa wanda za a ba sai mai yatsun da suka fi na kowa tsawo a ƙasar Bakori? Wallahi yatsun tsohon nan kamar kuɓewar da aka manta ba a tsinka ba.

Muka jeru mu bakwai. A gabana akwai Bala, ɗan Alhaji Mamman mai awon auduga. Ni da Bala mako ɗaya aka haife mu, an yi sunana ran Litinin an yi nasa ran Laraba, wanzami ɗaya ya yi mana kaciya a safiya ɗaya. Amma in muka jera sai ka rantse ya ba ni shekara huɗu. Gidansu ana dama fura da nono kullum, ubansa in ya dawo daga Funtua da tsire yake dawowa. Ga kafaɗa, ga ƙirji, wuyan hannunsa kamar taɓarya. Sarkin Noma ya kama, yatsu suka tsaya a hanya. Ya ce, "Madalla, wuce."

Ni kuwa na dunƙule hannu, na riƙe numfashi, wai ko ya ɗan kumbura. Ya kama. Yatsun nan suka haɗu har suka hau juna suka yi saura. Ya ɗaga hannun nawa sama kamar mai tallan rake ya ce, "Wannan ai ko zabuwa ta fi shi ƙwauri. Sai baɗi, ɗan nan."

Aka yi dariya. Na ce, "Baba Sarki, ni fa na girmi Bala da kwana biyu."

Ya ce, "Garma ba ta san kwana ba."

Da na kai wa Inna labari sai ta ɗauki mayafinta. Ita da ba ta fita, ranar ta taka har gidansa, ni ina biye da ita. Ta durƙusa daga bakin ɗakin matarsa ta gaishe shi.

Ta ce, "Baba Sarki, mai gidan yana kwance, ka sani. Yaron nan shi ya yi shuka, shi ya yi firi. In ba a yi mana huɗa ba, me za mu ci?"

Ya kira ta da sunanta ya ce, "Abu, ke yarinya ce lokacin da abin ya faru. Na taɓa ba wani irinsa garma don tausayi, ɗan gidan Maƙera. Kwana uku ya yi yana bin manya, ran na huɗu ya yi aman jini a tsakiyar kunya. Da hannuna na sa shi a rami. Daga ranar na rantse ba zan ƙara ba."

Ta ce, "To a zo mana gonar ko ba shi a ciki."

Ya ce, "In na karya ka'ida a kanki, gobe gida goma za su zo. Ki ciyar da shi. Juma'a mai zuwa in sake dubawa."

Ki ciyar da shi! Da me? Kuma a kwana bakwai? Kamar ƙashin mutum kabewa ce da za a ba ta taki ta yi girma kafin a waiwaya. Amma Inna ta ɗauki maganar da gaske. Duk makon nan in an raba abinci sai ta ce cikinta na ciwo, ta juye mani nata. Ta sayar da kazarta ɗaya tilo ta sayo wake da man gyaɗa. Ina ci ƙannena na kallona. Kullum da safe sai ta kama hannuna ta gwada da nata yatsun, ta ce, "Kamar fa ya ɗan ƙaru." Bai ƙaru ba. Ita ce ta rage.

Ran Alhamis Bala ya same ni a bayan gari. Bala ba mugu ba ne, Allah ya sani, hankalin ne dai bai bi jikin ba. Ya ce, "Tsinke, na samo maka dabara. Ka tuna da rina ta harbe ni a kunci, fuskata ta yi kamar ƙwarya? Akwai gidansu a tsohon rumbun kawuna. Ka miƙa masu wuyan hannu, guda ɗaya kawai ta harba, gobe ka wuce."

Da ina cikin ƙoshi da na zage shi. Amma mai jin yunwa ko shawarar mahaukaci aka kawo masa sai ya saurara. Muka je. Na naɗe hannun dama da tsumma na bar wuyan kawai, na zura shi a ƙarƙashin jinkar. Mun manta ba mu yi yarjejeniya da rina a kan guda ɗaya ba. Biyar suka harbe ni, ɗaya ta bi Bala ta same shi a ƙeya. Muka yi ta gudu muna ihu har bakin tafki.

Washegari hannuna ya zama wani abu dabam. Daga yatsu har gwiwar hannu ya cika tam, yana sheƙi, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Na sa rigar Baba mai dogon hannu na rufe, na je gindin tsamiya ina cije leɓe. Na miƙa. Sarkin Noma ya kama, na ji kamar raina zai fita, amma yatsun nan ba su haɗu ba. Zuciyata ta ce alhamdu lillahi. Ya dubi hannun, ya dube ni. Ya latsa da yatsa, wurin ya loma ya ƙi tasowa.

Ya ce, "Kawo ɗayan."

Har yau in na ji an ce kawo ɗayan, ko a kasuwa ne, sai gabana ya faɗi. Na miƙa na hagu. Suka haɗu lafiya lau, har da saura. Wannan karon bai yi dariya ba, ya ma tsawata wa masu yi. Ya ce in je a shafa mani toka da kanwa. Garin neman ƙiba aka samo rama, don kwana biyar na yi ko cokali ba na iya riƙewa da hannun, balle hauya.

A cikin kwanakin nan gayya ta kai gonar Alhaji Mamman. Ina zaune a kan tudu da hannu a rataye ina kallo. Samari ashirin, ga makaɗi, ga ƙoren fura a inuwa. Mutumin da yake da shanun huɗa biyu a ɗaure a gida! An ƙara wa Barno dawaki. Bala kuwa, mai ƙashin da ya nuna, kunyarsa ta yi ta karkacewa kamar maciji ya bi ta wurin, kafin rana ta take ya jefar da garma ya kwanta a gindin ɗorawa yana haki. Ba wanda ya ce masa sai baɗi. Daga inda nake ina hango gonarmu can ƙasa, ciyawa ta fara rufe dawa.

Da kumburin hannu ya sace, na ɗauki garmar Baba ba tare da ya sani ba. Nauyinta kamar ta ja ni ƙasa. In na kafta a lakar nan, ɗagowa sai na haɗa da gwiwa da ƙugu. Nakan fita da asuba da kunun dusa a ciki, Hajara ta kawo mani tafasa da azahar, in koma har rana ta yi ja. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Kwana tara na yi, na huɗe kamar kashi ɗaya cikin uku. Ran na goma na kafta zan ɗaga sai na ji wani abu ya yi ƙas a ƙasan bayana. Da rarrafe na fito bakin hanya, wani mai jaki ya kai ni gida. Aka shimfiɗa ni a zaure kusa da Baba, maza biyu na gidan a kwance. Baba ya juya fuskarsa wajen bango.

Sannan marka ta zo. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, ruwa yif-yif-yif ba ƙaƙƙautawa, katanga na zubewa, itace ya jiƙe, Inna na hura wuta hayaƙi na sa ta hawaye. Da aka ɗauke na dogara sanda na je gona. Inda na huɗe dawa na tsaye, kore shar. Sauran kuwa ruwa ya kwanta, ta yi rawaya ta faɗi a laka. Na tsaya na yi kuka, kukan haushi, ba na tausayin kai ba.

Abin da muka girba bai fitar da mu rani ba. Damina ta zagayo muna kan dusa da tafasa, na je gindin tsamiya, yatsu suka sake haɗuwa. To don Allah ku duba mani wannan lissafi. Ba a zo maka gayya ba don ba ka da ƙashi, ba ka samu hatsi ba don ba a zo maka gayya ba, ba ka yi ƙashi ba don ba hatsi. Sai kuma a zauna a gindin bishiya a ce gado ne. Ni dai ban taɓa wuce awon nan ba. Sarkin Noma ya rasu, gayyar ta watse, na tafi Funtua na yi dako, na yi awon hatsi, Allah ya buɗa. Amma tsawon da na tsaya a shekarun nan, nan na tsaya. Ciwon bayan nan kuma duk marka sai ya gaishe ni.

Yanzu ga ɗana Mubarak, shekara sha huɗu, wanda ya tashi a kan shayi da ƙwai. Ya fi ni tsawo, takalmina ba ya shigarsa, in ya tsaya a ƙofa sai ya tare haske. Masu cewa gado, ina gadon ya tafi? Amma ka ba shi hauya ya riƙe ta kamar an ba shi jinjirin wani. Ran Talatar nan ma yana bakin gonar, a kan babur, yana latsa waya.

To, ga ni riƙe da wuyan hannun yaron mutane. Ni yatsuna gajeru ne, kowa ya sani, ko carbi sai na zaɓi mai ƙananan 'ya'ya. Amma suka haɗu. Suka hau juna, har da saura.

Yaron ya firgita. Bai san wani Sarkin Noma ba, bai san gindin tsamiya ba. Ya ce, "Baba, wallahi ban ɗauki komai ba."

Na sake shi kamar na taɓa wuta. Na ce, "Yaya sunanka?"

"Nura."

"Shekararka nawa?"

"Sha shida. Ajinmu ɗaya da Mubarak kafin in bari." Ya ɗaga garmar ya gyara mata zama. "Ina iyawa, Baba. Kada ka kore ni. Ka gwada ni kunya ɗaya."

Na dubi Mubarak, na dubi wannan. Bayana ya motsa. In na ba shi garma a lakar nan, na san abin da zai same shi, yana jikina. In na ce sai baɗi, wannan ma na san abin da zai same shi.

Na ce, "Kuna da gona?"

"Akwai 'yar kaɗan, wajen rafi."

"An huɗe ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Babanmu ba lafiya. Sai na gama na mutane."

Na kira babban cikin samarin na ce su saɓa garmunansu, yau gonar su Nura za a fara, tawa gobe. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce, "Alhaji, ka ga hadarin can kuwa? In ya sauka yau, taka sai ta yi kwana uku ba ta shiguwa."

Na ce, "Na gani, ba makaho ba ne ni. Ku wuce."

Na karɓe garmar daga kafaɗar Nura na ba shi hauya, na ce ya bi bayansu yana gyara bakin kunya, ladansa ɗaya da na kowa. Garmar kuwa na miƙa wa Mubarak. Ya ce, "Ni, Baba?" Na ce, "Kai. Ƙashinka ya nuna." Kunyar huɗar da ya yi ranar, in Bala ya gani sai ya ji sanyi a ransa.

Ruwan ya sauka da la'asar kamar yadda aka faɗa. Yau kwana huɗu tawa gonar tana jiƙe, ban san yadda za ta ƙare ba, uwar Mubarak kuma ba ta bar ni na sha ruwa ba a kan bororon da ya fito wa ɗanta a hannu.

Shekara arba'in ina jin haushin tsawon yatsun tsohon nan, ina cewa da wani ne ya auna ni da na wuce. Ashe ko mai gajerun yatsu irina ne, haɗuwa za su yi. Allah ya jiƙan Sarkin Noma Tanko. Yatsun na yafe masa su ran Talata. Gonarmu da ya ƙi zuwa ce har yanzu nake ƙoƙari.